Rasuwar Malam Birki da Titin da Ya Rasa Mashiga

Cikin alhini da jimami, tare da ruɗanin da har yanzu bai sake mu ba, Ƙungiyar Direbobin Bas-Bas na Cikin Gari ta samu labarin rasuwar dattijo mai daraja, malamin malamai, tsohon shugaban makarantar firamare ta bakin kasuwa, wanda mu direbobi muka fi sani da Malam Birki, wanda Allah Ya yi wa rasuwa ranar Alhamis bayan gajeriyar jinya. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Muna neman afuwar iyalansa idan mun yi kuskure a muƙaminsa, domin mun yi tambaya har mun gaji. A farkon shekara Majalisar Ƙaramar Hukuma ta naɗa shi mamba a Hukumar Kula da Makarantu, ba a jima ba aka rushe hukumar, aka dawo da ita aka ce shi ne shugaban riƙo, sai kuma muka ji a rediyo an kai shi Kwamitin Zirga-zirga da Sufuri, alhali ba a sauke shi daga can ba. Sakataren majalisa ya ce mu rubuta mamba, mataimakinsa ya ce shugaba. Shi kansa marigayin, in an tambaye shi, dariya yake yi ya ce, "Duk inda aka ajiye mini kujera, nan nake zama."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ba kullum muke shan inuwa ɗaya da marigayi ba. Shekara da shekaru yana tsayawa a ƙofar makaranta da safe, babu kaki babu usur, hannu kawai yake ɗagawa ya tsayar da motocinmu har sai yaro na ƙarshe ya ƙetare, ko da kuwa yaron ya durƙusa ɗaura igiyar takalmi a tsakiyar titi. A nan ya samo sunansa. Mun yi masa hon, mun yi gunaguni, amma yawancinmu shi ya koya mana karatu, kuma ba a haifi direban da zai wuce mutumin da ya taɓa ja masa kunne a aji biyu ba. A duk tsawon wannan zamani ba a taɓa buge yaro ko ɗaya a ƙofar nan ba.

Aikinsa na ƙarshe shi ne ya bar mu cikin duhu. Hukumar Makarantu ta nemi a mayar da titin makarantar hanya ɗaya, motoci su riƙa shigowa ta gefen kasuwa. Kwamitin Sufuri kuma, a sabon tsarinsa na bas-bas, ya ce a riƙa shigowa ta gefen asibiti. Majalisa ta amince da duka biyun a zama ɗaya, aka tafa, aka watse. Marigayi kaɗai ke da kujera a ɓangarorin biyu, shi kaɗai ya lura, ya zo tasha da kansa ya ce mu yi haƙuri, zai haɗa su a ɗaki ɗaya kafin yara su dawo hutu. Sai ciwo ya kwantar da shi. Ma'aikata kuwa ba su jira kowa ba. Na makarantu suka kafa allon hana shiga a gefen asibiti, na sufuri suka kafa nasu a gefen kasuwa, titi ya wayi gari ba shi da mashiga.

Gidan marigayi a kan wannan titin yake, kuma abin da ya sa tawagarmu ta makara wajen ta'aziyya ke nan. Jami'in hanya na gefen kasuwa ya ce mu zagaya, na gefen asibiti ya ce mu koma inda muka fito, kowannensu da gaskiyarsa. Muka ajiye mota a gidan mai muka taka sayyada, mu da muke ɗaukar gari guda. Washegari muka je majalisa, aka ce batun na Hukumar Makarantu ne. Hukumar ta ce ba ta iya zama sai an cike kujerar marigayi. Majalisa ta ce ba ta san wace kujera za ta cike ba, tunda ba a tantance wacce yake kai ba. Wallahi mun fito daga ofishin nan a ruɗe fiye da yadda muka shiga.

Abin da ya fi taɓa mu shi ne tambayar uwargidansa, mahaifiyarmu Hajiya, bayan an shafa addu'a. Ranar Litinin ake komawa makaranta, kuma jikarta 'yar aji ɗaya a motarmu take zuwa daga gidan iyayenta. Ta ce, "Ku da kuke kan titi, ku gaya mini, a ina za ku sauke mana yara?" Idan muka bi allunan biyu, a babban titi za mu zubar da su, tsakanin tankoki da tireloli, ba mai ɗaga musu hannu.

Muna roƙon Allah Ya jiƙan wannan bawa Nasa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya ba Hajiya da 'ya'ya da jikoki da ɗaukacin malamai haƙurin jure wannan babban rashi.

A ƙarshe, ƙungiya na sanar da jama'a cewa daga ranar Litinin, duk direban da ya ɗauko 'yan makaranta zai tsaya a bakin allo, ya kashe mota, ya sauko da kansa, ya riƙe hannun yara ya kai su har ƙofa. Fasinjoji za su makara, za su zage mu, mun ji mun yarda. Hajiya, wannan ce amsar da muka kasa ba ki a zaure. Har yanzu ba mu san ta inda ake shiga titin ba, amma in Allah Ya so jikarki za ta isa aji lafiya.

Sa hannu,
Dogo Mai Lasifika,
Kakakin Ƙungiyar Direbobin Bas-Bas na Cikin Gari,
a madadin Shugaba da Majalisar Dattawan Tasha.