Injin Daeng Nompo Ya Ƙi Shiga Giya

Tsibirin Langkai,
4 ga Nuwamba, 1994.

Zuwa ga maigidana Daeng Nompo,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, yaya jiki? Yaya ƙafar? Ina fatan likitocin birnin Ujung Pandang sun gano kanta. Ka gaishe mini da yayarka Kebo, Allah Ya saka mata da ɗawainiyar jinya.

Yau kwana arba'in da kifin nan mai ƙaya a wutsiya ya soke ka. Innarka lafiya lau, sai dai kullum sai ta lalubo bangon ɗakinmu ta tsaya a ƙofa tana saurare. Ni kuwa har yanzu kofi biyu nake haɗawa da safe, sai na zuba nake tunawa. Ina kewarka, Daeng, ba zan ɓoye maka ba.

Jirgin kaya sau ɗaya yake zuwa a mako, kuma ba zan bar tsohuwa makauniya kwana bakwai a hannun maƙwabta ba. Shi ya sa na yi niyyar zuwa a kwale-kwalenmu, in gan ka in juyo a yini ɗaya, kafin iskar yamma ta rufe teku wata uku. To, tsohon injin nan naka da kake lallashi kamar amarya ya nuna mini hali. Yana tashi lafiya, yana shiga giya, amma da na ƙara wuta sai in ji ƙwas, kamar na daki gungume, giyar ta fice, injin ya yi ta ihu a banza. Da filafili na dawo gida, matan da ke shanyar kifi suna ta dariya.

Na duba farfela da ƙusarta, ba abin da ya same su. Gobe zan kai wa Kawu Sangkala makaniki injin, duk da bakinsa.

Taka har kullum,
Jumria.

11 ga Nuwamba.

Daeng nawa,

Ina gaisuwa, ina kuma yi maka sannu. Saƙon Kebo ya iso, cewa ciwon ya ci ƙashi, ana maganar yankewa daga gwiwa. Na karanta can nesa da gida inda Inna ba za ta ji numfashina ba. Duk da haka da na dawo sai ta ce, "Ke 'yar nan, me takardar ta ce da ta hana ki tafiya daidai?" Dole na faɗa mata.

Kawu Sangkala ya karɓe ni yadda ka sani. Yana ganina da inji a kafaɗa ya ce, "A'a, yau mata ne da sifana? Kawo gawar mu gani ko da sauran rai." Ya fara da sandar da ke tura giya, ya ɗaure ta, muka gwada, ba canji. Sai ya kwance ƙusar ƙasa ya tsiyaye man giya. Daeng, fari fat ya fito kamar madarar kwakwa, da ɓarɓashin ƙarfe a ciki. Ashe zaren fatsa ne ya naɗe bayan farfela, ya yanke robar da ke tare ruwa, teku ta samu ƙofa.

Da ya buɗe cikin, ya zaro wani ɗan ƙarfe kamar zobe mai haƙora gaba da baya. Shi ne ke kama giya. Haƙoran gaban duk sun cinye. Ya jujjuya shi ya ce, "Nuna mini yadda mijinki ke sa giya." Na kwaikwaye ka, a hankali, a hankali, da bismillarka. Ya yi dariya har da tari. "Tausayi ne ya kashe shi! Giya ba ta son lallami, sau ɗaya ake buga ta. Shekara goma yaron nan yana goge mata haƙora, wai shi mai kula da kaya!"

Na ji haushi, na ce masa a duk tsibirin nan babu mai riƙe inji kamarka. Amma a hanya na yi ta dariya ni kaɗai, sai kuma kuka ya biyo. Ai haka kake. Da ka ji ni mun tafi asibiti tun makon farko, da ba ka tsaya ɗaura ganye kana cewa sannu ba ta hana zuwa. Ban faɗa don in ƙara maka ciwo ba, ya daɗe a raina ne.

Sabon zoben sai an aika Surabaya, wata guda. Iska kuwa ta fara juyawa da yamma.

Matarka,
Jumria.

18 ga Nuwamba.

Daeng,

Sallama da gaisuwa. Sannu, sannu da jiki. Allah Ya sa kaffara ce, Ya ba ka lafiyar abin da ya rage.

Na ga rubutun hannunka, layi huɗu. Ka ce an yi aikin ranar Litinin. Ka ce in zauna, kada in zo, in bari sai iska ta wuce ka koyi tafiya da sanda, don ba ka so in gan ka a haka. Na karanta sau uku, sannan na tafi wurin Kawu.

Na same shi zaune da zoben a hannu. Ya ce, "Ke, wa kika taɓa gani yana ribas a tsibirin nan? Kowa da gora yake ture jirginsa daga yashi." Na duba, haƙoran baya sababbi ne fil, ba a taɓa morarsu ba. Ya juya zoben, baya ya koma gaba, ya sa wata roba daga wani mataccen inji, ya zuba sabon mai. Ɗazu na zagaya tsibirin sau biyu da wuta cike, ko ƙwas ɗaya ban ji ba. Na buga giyar sau ɗaya kamar yadda ya ce, har kafaɗata ta amsa.

Sai dai yanzu babu ribas ko kaɗan. Kawu ya ce in na doshi gadar katakon da jirage ke tsayawa in kashe inji tun daga nesa in bar jirgin ya sulale, in ba haka ba ni da gadar mu gaisa.

Inna ta ce in tafi, Halija maƙwabciyarmu za ta yini da ita. Ta sa na dafa maka kifi da tsamiya yadda kake so, ta kuma ɗanɗana da kanta ta ce gishiri ya yi kaɗan.

Wannan takardar za ta bi jirgin kaya yau da la'asar. Ni kuma gobe Asabar ina idar da sallar asuba zan taso, kafin teku ta tashi. Ka sa mijin Kebo ya tsaya a kan gada da hantsi ya cafe igiya, don ba ni da yadda zan tsaya da kaina.

Shekara goma sha ɗaya ban taɓa tsallake maganarka ba, Daeng, gobe zan fara. Ranar da aka ɗaura mana aure kana zaune ne, an rufa maka zane har ƙasa, ban ga ƙafa ko ɗaya ba na ce na yarda. Ka sa Kebo ta aske maka gemu, ka zauna inda zan gan ka daga ƙofa.

Ni ce matarka mai zuwa,
Jumria.