Jan Tabo a Ramin Baba

Zuwa ga matata Mwanakombo,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ya jikin mahaifiyarki, ya mutanen Pemba? Allah ya ƙara sauƙi.

Na samu aiki. Masu bincike daga Tanga sun ɗauki jirgina. Muna jan wata raga mai laushi kamar ɗankwali, su tace 'ya'yan kifi ƙanana kamar ƙwarƙwata, su zuba a kwalba. Shugabarsu, Malama Zuhura, ta ce taswira suke zanawa ta inda 'ya'yan ke taruwa lokacin iskar kaskazi ta arewa da inda suke komawa in iskar kusi ta kudu ta juyo, don a kare wuraren. Mun daɗe muna jan ruwa a banza. Tausayi ya kama ni, na kai su ramin Baba, matattarar kifin nan da ya ɓoye wa kowa sai mu 'ya'yansa, can cikin teku inda za ka hango bishiyar kuka ta daidaita da hasumiyar masallaci. Kwalba ta cika maƙil!

Yaya Faki ya ji labari. Ya shaƙe ni a bakin ruwa, ya fasa min leɓe. Wai, "Kai jakin ina ne? Wurin da ko Mama ma Baba bai gaya wa ba?" Zai huce.

Naki,
Makame

Mwanakombo,

Ina fatan kuna lafiya. Ni kam ba lafiya.

Sun manna taswirar a rumfar gwanjon kifi, ramin Baba da jan tabo, wai don kowa ya sani ya kiyaye. Kowa kuwa ya sani! Ranar Talata da hantsi sai ga masu kamun kifi da nakiya. Ƙarar farko Yaya Faki ya suri adda ya tura kwalekwalensa kansu, ina biye ina ihu. Ya sari ɗaya a kafaɗa. Wani a cikinsu ya kunna kwalbar nakiya ya wurga wa Yaya tsakanin ƙafafu. Ruwa ya tashi sama, katako da kifi da jini. Na tsamo shi babu ƙafar dama. Ya ture hannuna, ya ce, "Sake ni, ɗan taswira." Kafin mu kai gaɓa ya cika.

Malama Zuhura ta zo ta'aziyya tana kuka. Samari suka farfasa motarta da duwatsu, suka yayyaga taswirar. Amfanin me? Ramin ya riga ya zama tsakuwa.

Kada ki dawo tukuna, wallahi ina tsoron abin da za a yi miki. Da aka fito da makara na kai kafaɗa. Mama ta leƙo daga ƙofa, idonta a bushe, ta ce, "Ku janye wancan. Faki ba shi da ƙane."

Ki sa ni a addu'a.

Mijinki,
Makame