Ɗiban Wuta a Ƙwarya

Alhamis, 25 ga Rajab, 1295

Iya Auta ta rasu yau da hantsi. Kakata. Matata, in ji ta. Mun kai ta kafin azahar, ana yayyafi.

Malam ya ba ni ragowar takardu wai in riƙa gyara hannuna. To ga gyaran hannu.

Jiya ta kama min kunne, hannun ba ƙarfi. "Mu'azu, maigidana mara gemu, rumbuna naka ne. Amma kada ka bar murhuna ya mutu." Na ce in ta tafi, mai haƙora zan auro. Ta yi dariya har da tari.

Asabar, 27 ga Rajab

Sadakar uku. Jama'a har bakin ganuwa! Mutanen Kakangi, mutanen Kuyello, matan Gwari da kaya a kafaɗa, Fulanin bakin daji. Duk don tsohuwar da daga Fatiha sai Ƙulhuwa, ita ma sai na gyara mata.

Liman ya ce rabin unguwar nan a hannunta suka faɗo, matan da suka riga mu kuma ita ta wanke su. Ya ce shekara arba'in wutarta ba ta mutu ba, duk wanda tasa ta mutu nan yake zuwa ɗiba. Na yi ta zagaya mutane ina cewa ni ne mijin, a yi mini gaisuwa da kyau. Kawu Abarshi ya harare ni.

Laraba, 1 ga Sha'aban

Na leƙa rumbun. Dawa ba ta kai rabi ba, alhali gayaunarta ta yi kyau bara, ga shi Litinin da Alhamis ba ta ci. Ko ɓeraye ne? Abin da ya rage dai zai yi mini riga mai aiki a wuya. Na riga na yi magana da maɗinki, Salla ta kusa.

Wutar tana nan. Na rufe garwashin da toka kamar yadda take yi. Don kada ta zo mini a mafarki da muciya.

Juma'a, 3 ga Sha'aban

Furera, matar marigayi Jaji, ta zo ɗiban wuta. Da ƙwarya kuma, rufe da faifai! Kowa da tsingaro yake zuwa, ita da wasu mata kullum ƙwarya. Na ce, "Inna Furera, wutar sha za ki yi?" Na zuba mata garwashi a tsingaro. Ta daɗe tsaye tana kallon ƙofar ɗakin Iya. Sannan ta karɓa ta tafi.

Ƙwaryar ta tuna mini da bara. Furera ta ajiye ta a bakin ƙofa ta shiga gaida Iya, na cika ta da jiƙaƙƙen yashi, na ɗora kwaɗo, na mayar da faifan. Ta fito ta ɗauka ta wuce. Ranar ce kaɗai Iya ta taɓa dukana. Da muciya, tana kuka. A kan kwaɗo ɗaya!

Lahadi, 5 ga Sha'aban

Ruwa tun safe. Itace duk ya jiƙe. Hayaƙi ya cinye mini ido.

Litinin, 6 ga Sha'aban

Tsoho Yero ya fito daga daji da gungumen marke a kan sa, ya sauke a bakin murhu. Ya ce kowace damina yana kawo wa Iya ɗaya, bai ga abin da zai hana bana ba. Na ba shi labarin Furera don ya yi dariya. Bai yi ba.

"Kai, yaro, ka taɓa ganin an ɗebi wuta a ƙwarya?"

Ya ce shekarar da ciwo ya kashe masa shanu, matarsa wata uku tana zuwa nan da ƙwarya. Mai tsingaro wuta take so. Mai ƙwarya gidanta ba hatsi, kuma ba za ta iya buɗe baki ta roƙa ba. Sai ta ajiye a bakin ƙofa ta shiga gaisuwa. Iya ta ce bari ta duba wuta, ta zaga ta cika ta rufe. Ba mai gani, ba godiya. Ko Kawu bai sani ba.

Ashe ɓerayen ke nan.

Ashe kuma ran nan 'ya'yan Furera huɗu sun kewaye ƙwarya, aka ɗaga faifai.

Talata, 7 ga Sha'aban

Na bi ta bayan gidansu. Yaran na tsinkar tafasa a bakin shinge. Ƙaramin, Gambo, wuyansa kamar sillen kara. Ba hayaƙi a gidan. Dawar bana ko kai ba ta fitar ba.

Maɗinki ya aiko yana tambaya. Na ce ina zuwa.

Laraba, 8 ga Sha'aban

Furera ba ta dawo ba. Ba za ta dawo ba, na sani. Yero ya ce bara ma kwana goma ta ɗauke ƙafa, sai da Iya ta je da sandarta ta durƙusa mata. Iya! Wadda liman ke tashi tsaye in ta shigo. Kuma ba ta ce ni ne ba.

Alhamis, 9 ga Sha'aban

Na ɗauki ƙwaryar Iya na cika, na rufe, na ɗora tsingaron garwashi a hannu don masu ido. Na yi sallama sau uku kafin ta fito.

"Inna, kin manta sauran wutarki ran Juma'a."

Ta dube ni, ta dubi ƙwaryar. Ta sa yatsa ta ɗaga gefen faifan a hankali, tana ja da baya.

"Wannan ba ta tsalle?"

Ashe ta san ni ne tuntuni. Na durƙusa kawai. Ta ce, "Tashi, mijin Iya, kada a gan ka. Gobe ni zan zo da tawa."

Na ji ƙarar turmi kafin in yi nisa.

Litinin, 20 ga Sha'aban

Tsingaro biyar yau, ƙwarya uku. Ina shiga ɗakin Iya in zauna su gaishe ni, sai in ce bari in duba wuta. Wata tsohuwa ta ce muryata ma ta fara komawa tata. Ƙarya ne.

Kawu ya tambayi me nake yi a gayaunar Iya tun da farar safiya. Na ce kwaɗi nake nema.

Na duba tsohuwar rigata, yagewar ba ta kai yadda nake zato ba. Allura biyu ta gama.

Ban ci komai ba yau har magariba. Ba wai azumi ba. Yunwar ce dai ba ta zo ba.

Gungumen Yero ya kusa rabi. Sai in aika masa ya kawo wani.