Kada Ku Sa Ni a Jirgi

Da sunan Allah. Ni ce uwarku Ousseina, nake rubuta wannan a gidanmu na East Greensboro a Amurka, cikin azumin 2006. Jiki ya gaji, amma hankalina garau yake, kada wani ya ce zafin ciwo ne.

Na ɗaya. Boukari da Dalila, na san abin da ya hana ku gaisawa. Boukari na so a kai gawata Nijar, yadda jama'armu suka saba haɗa hannu su yi. Dalila ta ƙi. Ina numfashi kuna jayayya a kan gawata! To, ku ji daga bakin mai ita: a nan za ku binne ni.

Lokacin da ubanku ya kai ni Arlit, can arewacin Nijar, yana aikin haƙar ma'adini, garin bai wuce 'yan rumfuna cikin rairayi ba. Mu mutanen kudu, Hausawa da Zabarmawa da Barebari, muka kafa ɗakunan kwano, mota ke kawo mana ruwa. Kowa cewa yake baɗi zai koma gida, shi ya sa ba mai dasa ko itacen bedi. Sai yayarku Yasmina ta rasu tana goye, muka binne ta a bayan gari. Daga ranar na kwance kayana, ubanku ya buga tubali, maƙwabta suka bi sahu. Yau Arlit birni ne. Na sha kuka a garin, kuma na so shi.

Nan ma haka nake ganinmu: shekara da shekaru akwati a ɗaure, kowa sai baɗi. Jikokina kuwa da Turanci suke amsa mini. In kun tura ni can, wa zai kai su kabarina? Ina tsoron su tashi ba su da kowa a ƙasan nan ko a can.

Na biyu. Babbar tukunyar suna ta Dalila ce, amma kada a hana aro. Mayafina shuɗi na maƙwabciyata Mis Loretta ne. Ita ta koya mini hawa bas, ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya.

Na uku. Boukari, kai ne babba, kai za ka taso daga Summerfield ka je gidan ƙanwarka. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Na yafe muku, ku yafe mini. Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku, ya raya zuri'arku. Duk ranar da za ku zo wurina, ku zo a mota ɗaya.