Mako Shida Ba Taka Ƙasa

Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Bayan haka, ƙashin nan da ya turo a gindin babban yatsana na dama ya kai ni bango. Yatsan ya kwanta kan ɗan'uwansa. Takalmi uku na farke da reza, jiya kuma da silifa na tsaya gaban allo, ɗalibai suna ta leƙen ƙafata maimakon darasi.

Likita ya duba hoton ƙashi, ya sa mini ranar tiyata, ashirin ga wata. Zai miƙar da ƙashin, ya haɗe gaɓar tsakiyar ƙafa da ƙarfe, sai mako shida ba taka ƙasa. Ga Baba, ga bene hawa uku. Wa zai yi masa wanka, wa zai ba shi magani? Ki zo. Ban taɓa ce miki haka ba.

Ki gaishe da kowa.
Yayarki

Yaya,

Na ga wasiƙarki, Allah ya ƙara sauƙi. Ina Baba? Ranar Juma'a da muka yi waya muryarsa garau.

Ban zauna ba, na kai wa maƙwabcinmu hoton ƙashin da kika turo, likitan ƙashi ne. Ya ce aikin iri-iri ne. Akwai wanda ake aske tudun kawai, amma yakan dawo. Akwai wanda ake yin 'yan huda ƙanana, a yanka ƙashin, a gyara masa zama, a ɗaure da ƙusa, mutum ya sa takalmin asibiti ya fara takawa cikin kwanaki. Ya ce naki bai wuce wannan ba. To me ya kai ki ga babban? Ko dai likitan naki bai faɗa miki ba ne?

Kin san ofis ɗinmu a ƙarshen shekara, ko atishawa sai da takarda. Ki koma ki tambaye shi. Mai jinya na mako guda kuma ni zan nemo.

Taki,
Auta

Auta,

Bayan gaisuwa. Sau uku ina yage wannan takarda.

Likita ya faɗa mini, kada ki ɗauki alhakinsa. Ya zana mini duka biyun a bayan kati, ya ce babban ya fi ƙarko, ƙaramin ya fi saurin warkewa, kowanne zai yi. Na ce, "Wanne ne ba a takawa?" Ya cire tabarau ya dube ni, ya ce, "Malama, mutane akasin haka suke tambaya." Na ce shi nake so.

Muryar da kika ji garau, aikina ce. Duk Juma'a kafin in miƙa wa Baba waya, sai na durƙusa na raɗa masa a kunne, "Auta ce, 'yarka, ka tambayi yara." In ya tsaya, in sake raɗawa. Wata takwas ke nan. Makon jiya na nuna masa hotonki, ya juya shi, ya ce, "Wannan baiwar Allah fa?" Amma ƙarfe biyu na yi, sai ya ja kujera bakin taga, wai yana jiran Auta ta taso daga makaranta. Wannan Autar bai manta da ita ba tukuna, kuma ban san kwana nawa suka rage mata ba.

Na ɓoye miki don kada in ɗaga miki hankali, daga baya kuma na rasa bakin faɗa. Na san in mako guda ne za ki aiko baƙuwa, mako shida kuwa kunya ba za ta bar ki ba. Na gaji, Auta, kuma ina jin haushinki, duk da ni na rufe miki ido. In kin ce in koma in canza, zan canza.

Yayarki

Yaya,

Ina gaisuwa. Kada ki canza komai. Na miƙa takardar hutu, suka tsaya jan magana, na bar musu ita a kan tebur.

Zan iso Litinin. Na duba mota, zan kai ƙofar gida wajen ƙarfe biyu. Ki bar shi a bakin taga, kuma kada ki raɗa masa komai.

Ƙanwarki