Kujerar Baba Madalla

Litinin, 1 ga Satumba

Matar autana ce ke rubuta mini wannan. Amarya nake ce mata har yau, ko da yake 'ya'yanta uku. Ni aji biyu na yi aka cire ni, lamba kawai nake ganewa da sunana. Na sa ta samo littafi ne saboda 'yan guruf sun fara cewa na faɗi abin da ban faɗa ba. Daga yau maganata a rubuce take.

Guruf ɗin na masu tsara waƙa ne, yana cikin wayar marigayi mijina. Ba mawaƙan kuɗi ba, kowa da sana'arsa. Mutum ya tsara baitocinsa ya tura, sauran su ji, su faɗa masa inda ta yi da inda ba ta yi ba. Marigayi gyaran keken ɗinki yake yi, bai taɓa tsara ko baiti ɗaya ba. Bayan la'asar zai ja kujera kusa da firizata, ya saurari ta kowa, ya danna ya ce, "Madalla, a ci gaba." Shi ke nan. Mai kyau madalla, maras kyau madalla. Har suka sa masa Baba Madalla. Na sha yi masa faɗan data.

Da ya rasu bara wayar ta dawo hannuna, don masu sayen ƙanƙara lambarsa suka sani. Wata rana na danna wata waƙa, mutumin ya ƙi gamawa. Na sa Amarya ta nuna mini inda ake danna murya, na ce masa, "Ɗan nan, ƙanƙarata ta narke kana baiti na farko." Malama, tsohuwar malamar makaranta da ke riƙe da guruf ɗin, ta ce in zauna, kujerar Baba tawa ce. Na zauna. Amma ni ba na cewa madalla.

Laraba, 3 ga Satumba

Wuta ta kwana, ƙanƙara ta yi ƙarfi, kafin azahar ta ƙare.

Nas ta turo ta soyayya. Yarinya ce mai aiki a asibiti, muryarta siririya. Zuciya ta fito sau nawa ban ƙirga ba. Na ce mata ta rage zuciya, ta faɗa mana ko yana da tsawo. Ta yi dariya ta ce gajere ne. Na ce to ki sa, gajeru ma ana son su, nawa da ƙyar ya kai kafaɗata.

Asabar, 6 ga Satumba

Na sake yi wa Auta maganar sakatar ƙofar baya. Ya ce gobe. Jinin ubansa.

Talata, 9 ga Satumba

Direba ya turo waƙa. Shi ne mai jan babbar mota, in ya tsaya hutawa yake ɗauka, kana jin inji a bayansa. Duk cikinsu shi na fi son ji, don ba ya jan murya kamar mai ciwon haƙori.

Waƙar ta mahaifiyarsa ce da ta rasu. Tauraruwa ce, fitila ce, inuwa ce, ruwan sanyi ce. Kowa ya yaba, masu tura hoton kuka suka tura. Ni na danna na ce, "Direba, wannan uwar ta kowa ce, ban ga taka ba. Ba ta taɓa zaginka ba? Me ke hannunta in ta ƙwala maka kira? Tauraruwa ba ta haihuwa."

Amarya ta ce na yi zafi. Na ce rubuta yadda na faɗa.

Alhamis, 11 ga Satumba

Direba bai amsa ba. Ƙila ba sabis a hanya.

Lahadi, 14 ga Satumba

Jikoki sun cika gida, sun sha mini ƙanƙarar ciniki. Na kore su, sun dawo ta ƙofar baya.

Amarya ta duba ta ce Direba yana buɗe saƙo, magana ce ba ya yi. To. Ba ni na kashe masa uwa ba.

Talata, 16 ga Satumba

Malama ta kira ni, ba a guruf ba, ni kaɗai. Ta daɗe tana gaisuwa, na san akwai magana a ƙarƙashi.

Ta ce akwai doka tun kafa guruf: wanda bai ajiye tasa ba, ba ya taɓa ta wani. An ɗaga wa Baba ƙafa ne don shi bai taɓa gyara wa kowa ba, madalla kawai. Ni kuma ina gyara, wasu sun yi ƙorafi, ga shi Direba ya yi shiru. Ta ce, "Iya, zuwa ƙarshen wata ki ajiye taki, ko da baiti huɗu ne, a taɓa miki yadda kike taɓa na mutane. In ba haka ba sai dai in cire lambar, don ban iya doka biyu ba."

Na ce ta cire yanzu ma, data ta huta. Ta ce za ta jira ƙarshen wata.

Maganarta daidai ce, shi ya sa ta ba ni haushi.

Laraba, 17 ga Satumba

Bayan la'asar ban buɗe waya ba, don in gwada. Na zauna a kujerar, firiza na gurnani. Auta yana shago, Amarya ta kai yara allura. Na share ɗaki, na sake sharewa. Yamma tana da tsawo, ban taɓa lura ba.

Kafin magariba na buɗe. Nas ta gyara waƙarta, ta sa gajeren, har da yadda yake ɗaga dunduniya in za a ɗauke su hoto. Na yi dariya ni kaɗai. Ban ce komai ba, tunda an ce ba ni da baki.

Juma'a, 19 ga Satumba

Na tambayi Amarya yadda ake yin abin. Ta ce ƙarshen kowane layi ya faɗi iri ɗaya, shi ke nan abin da ta sani. Na ce a kan me? Ta ce a kan Baba mana. Na ce ba zan tsaya gaban mutane ina kiran mai gyaran keke fitila ba. Ta ce, "To ki yi masa faɗa, Iya, ai shi kika fi iyawa."

Yarinyar nan bakinta ya fara tsawo. Amma ta kawo shawara.

Litinin, 22 ga Satumba

Ina ɗaura ledar ruwa ina juya magana a baki. Sakata, kwanta. Wannan ta zo da kanta. Sauran sun ƙi. Ashe abin da wuya. Mutumin nan da na ce ƙanƙarata ta narke, ƙila mako ya yi a kan tasa.

Nas ta turo mini saƙo a gefe. Ta ce kar in ji tsoro, ita ma ranar farko haka ta ji. Na ce wa ya ce miki tsoro nake ji. Ta ce babu.

Laraba, 24 ga Satumba

Ba wuta tun safe. Ba ciniki, ba baiti.

Asabar, 27 ga Satumba

Na gama. Amarya ta rubuta, ta karanta mini, na canza wuri biyu. Ga ta:

Ka tafi, ƙofar baya ba sakata,
"Gobe zan gyara," har ka kwanta.
Ka bar tabarau a kan firizata,
Ka bar buta mai yoyo, ka ce kar a taɓa ta.
Babu mai tari da asuba, na huta,
Ban yi kewarka ba, na faɗa na maimaita.

Auta ya ji ya ce, "Iya, mamaci za ki kai ƙara?" Na ce da ransa ma na kai, ba a yi komai ba.

Sai da na ɗauki murya sau da yawa. Ko dai yara su shigo, ko mai sayen ƙanƙara ya yi sallama a tsakiya. A ta ƙarshe muryata ta shaƙe a wajen tabarau, sanyin firiza ne. Amarya ta ce a bar ta haka. Ba ni da ƙarfin sakewa, na ce tura.

Lahadi, 28 ga Satumba

Sun taɓa. Malama ta ce layi na huɗu ya fi 'yan uwansa tsawo, yana jan ƙafa. Na saurara, haka ne. Nas ta ce ta yi dariya a layi na biyu, ta kasa dariya a na uku. Wani tela da bai cika magana ba ya ce ya san butar, a shagon marigayi ya taɓa ganinta, har yau bai gane me ya sa ba a yar da ita ba. Wasu suka ce madalla. Yanzu na gane, madalla ma tana da daɗi in taka ce a ƙasa. Ba ta ƙoshi, amma tana da daɗi.

Malama ta ce kujera ta zauna. Na ce dama ina za ta.

Direba ya buɗe, in ji Amarya. Bai ce komai ba.

Talata, 30 ga Satumba

Ina auna wa wata yarinya ƙanƙara waya ta yi ƙara. Inji na fara ji kafin murya.

Direba ne, a guruf, ya gaishe ni yadda ya kamata. Sannan ya ce, a gaban kowa, "Iya, layi biyar naki ne, na ga Baba, har tarinsa na ji. Na shida ba naki ba ne. Wadda ba ta yi kewa ba ba ta barin tabarau a kan firiza shekara guda, tana gogewa tana mayarwa. Wannan layin shi ne tauraruwarki. Ki cire."

Wa ya faɗa masa ina gogewa? Na dubi Amarya, ta ce ita ba ta san shi ba ma.

Ya ce ya yi fushi da ni, ba zai ɓoye ba, har ya so fita daga guruf. Amma duk inda ya tsaya tambayata na bin sa, me ke hannunta. Ya ce ludayi ne. Kuma in ya dawo gida takan shinshina rigarsa ta ji ko ya sha taba, har bayan ya yi furfura. Ya karanta baiti biyu a kai, ya ce saura suna hanya.

Wannan karon na ga matar. Gajera ce, ina jin, mai faɗa. Da mun shirya.

Na danna na riƙe. Abin da ya fito shi ne, "Madalla, a ci gaba." Guruf ya kwashe da dariya. Na ƙara da cewa baiti na biyu akwai kalma ɗaya da ta yi yawa, don kar su ɗauka na lalace.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Na sa Amarya ta ja layi a kan na shida. Ba wai yaron ya yi gaskiya ba ne. Doka ce, an taɓa maka, ka gyara. Wurin na nan fili, ban sami abin sawa ba tukuna. Wanda ya zo mini da asuba ba na faɗa a guruf ba ne.

A rubuta wannan da kyau, don in na manta a tuna mini.

Ina bin Direba sauran waƙar ludayi, ya ce kafin ya dawo daga wannan tafiya. Ina bin Nas hoton gajeren, ta yi alkawari. Malama na bina layi na huɗu, in rage masa ƙafa. Mutumin da na ce ƙanƙarata ta narke yana bina sauraro, a nemo mini waƙarsa in ji ta har ƙarshe, ranar da ba ciniki. Tela ba ya bin kowa, amma a ce masa butar ba ta sayarwa ba ce. Direba na bina layi ɗaya. Ya jira, ni ma na jira shi.

Auta ya sayo sakata yau, ba wanda ya tuna masa. Na ce ya ajiye a aljihun tebur tukuna, in an sa ta layin farko ya zama ƙarya.

Ke kuma Amarya, in kina goge firiza, tabarau ki mayar da shi inda kika same shi. Fuskarsa ta kalli kujera.