Koriyar Tana Ƙasa, ta Hagu

Zuwa ga ɗana Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ka isa lafiya, ka tarar da iyali ƙalau. Mu nan sai godiya, in ban da gwiwata da ta ƙi jin lallashi.

Na gode da gyaran kwamfutar da ka yi mana. Ka share fuskarta tas, kamar ɗakin da za a ba ɗan haya. Ka ce yanzu an ci gaba, mutum ya rubuta sunan abin da yake so, ya fito. Madalla.

Sai dai Innarka ba da suna take neman abu ba, da mazauninsa take nema. Ta san koriyar alamar nan ita ce ta kiran Yayarka, shuɗiyar kuma ta hotunan jikoki. Hannunta ne ya haddace hanya, don idon ya fara hazo. Ta ɓoye muku, ni ma tana zaton ban gane ba.

Tun tafiyarka ba ta kira Yayarka ba. Takan zauna ta yi ta jan linzamin kwamfutar, can ta mayar da ƙyalle ta rufe, wai hidima ta yi mata yawa. Yayarka kuwa har ta fara tambayata laifin da ta yi.

Ka rubuto mini yadda ake mayar da alamomin nan mazauninsu, dalla-dalla, irin bayanin da ake wa tsoho.

Babanka.

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya jikin maiɗakinka?

Bayaninka ya iso. Na ɗora tabarau, na jawo alamomin ɗaya bayan ɗaya, na kafe su, na ƙara musu girma. Sau biyu koriyar tana kuɓuce mini kamar sabulu. Na bari sai da Innarka ta shiga wanke-wanke, don kada ta ji kunya.

Ina cikin fama ta zo wucewa da tire. Ko juyowa ba ta yi ba ta ce, “Ƙasa take, Malam, ta hagu. Kai ma ba gani kake ba.”

Na mayar da ita hagu.

Yanzu haka tana can suna ta dariya da Yayarka, shayina ya huce ba wanda ya kula. Zancen ido kuwa, da bakinta ta gaya mata, ina ji. In ka zo kai ta asibiti, ka nuna daga Yayarka ka ji.

Ka shafa mini kan yara.

Naka, Baba.